Awaki a Gonar Gilashi

Shekarunsa sittin da uku, yana da mata ɗaya da 'ya'ya shida, kuma tun yana saurayi ba a san shi da wata sana'a ba sai kiwon awaki. Mai Awaki ake ce masa a unguwa. Ko matarsa, ran da ya ɓata mata rai, da wannan sunan take kiransa.

Gidansa ne na ƙarshe a layinsu. Ɗaki biyu ne da rumfa, sai turken awaki a baya, wanda ya fi ɗakunan biyu faɗi. A tsakiyar turken akwai wani abu da ba a ganin irinsa a gidan sauran makiyaya. Ginshiƙan itace ya kafa, tsayinsu iya ƙugun mutum, ya shimfiɗa tsofaffin kwanon rufi a kai, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu don ruwa ya gangara. A kan wannan kwano yake zuba wa awakinsa ganye da dusa, ba ya taɓa ba su abinci a ƙasa. Wata damina ce can baya ruwa ya kwanta a turken, awakin suka yi ta tsayuwa cikin taɓo har kofatonsu ya ruɓe, kusan rabin garken ya mutu. Tun daga lokacin, ɗan akuya a gidansa yakan koyi hawa kwano kafin a yaye shi. Maƙwabta suna ce wa wurin bene.

Garken gaba ɗaya daga akuya guda ya fito, wadda mahaifiyarsa ta bar masa. Bunsuru kawai yake shigo da shi daga waje. Idan ka nuna masa kowace akuya zai gaya maka uwarta da kakarta, da wadda ta fi nono a cikinsu da wadda ta fi fitina. Jagorar garken wata tsohuwa ce mai tsagaggen kunne, yana ce mata Ciyaman saboda duk inda aka je ita ce a wuri mafi tudu. Abin da ya fi alfahari da shi kuwa shi ne fitonsa. Idan ya yi fito ɗaya mai tsawo, duk akuyar da ta ji sai ta tsaya cak a inda take, ko da a tsakiyar hanya ne.

Daga bayan gidansa fili ne shimfiɗe har gaban ido, mallakar hukuma, kuma a nan ya yi kiwo duk rayuwarsa. A 'yan shekarun nan filin ya fara gazawa. Ruwa yakan makara, idan ya zo ya zo da yawa ya wanke ƙasa, sannan ya ɗauke ciyawa ba ta gama tasowa ba. A rediyo ana cewa sauyin yanayi. Shi cewa yake damina ta koyi ƙarya.

Ana cikin haka aka ba wani kamfani filin. Suka kewaye shi da shingen waya, suka jera farantan sola layi-layi a kan ƙafafun ƙarfe. Mutanen unguwa suka raɗa wa wurin gonar gilashi.

Gardamar da aka yi ta yi a gari a kan wannan aiki, har cikin rumfar gidansa ta shigo. Ƙanensa direban tankar mai ne. Babbar 'yarsa tela ce, tana da shago a bakin kasuwa, inda ƙarar janareta ke hana ta jin abin da mai kawo ɗinki yake faɗa. Duk ranar da suka haɗu sai an taɓa.

"Yaya, ka ji wai rana ce za ta ba mu wuta," in ji Direba wata rana. "To idan ta faɗi fa? Sai mu jona waya a jikin farin wata?"

Tela ta ce, "Akwai batura, Baffa. Kai dai ka fito fili ka ce tankarka kake ji wa tsoro."

"Tankar nan ita ta kawo miki keken ɗinkin da kike taƙama da shi."

"Hayaƙinta kuma shi ya kore wa Baba ruwan sama."

"Hayaƙin tankata ni kaɗai? 'Yar nan, waɗanda suka ƙone duniya da masana'antu suna can suna shan iska, mu da ko fanka ba mu gama saye ba aka zo ana koya wa tsafta. Kuma a filin ubanki."

"Ai ba nasa ba ne."

Suka juya gare shi su biyun, kowa yana jiran ya goya masa baya. Yana zaune yana gyara igiya. Ya ce shi dai abin da ya sani, a da filin ba shi da ƙofa, yanzu yana da ita.

Shingen ya sauya masa hanya. Sai ya zagaya shi gaba ɗaya kafin ya kai wani busasshen rafi inda 'yan ƙayoyi suka rage, tafiyar da ke cinye safiya, ga gwiwoyinsa sun fara ba shi labari. Da rani ya yi nisa awakin suka rame, haƙarƙarinsu ya fito, masu ciki suka fara ɓari. A cikin shingen kuwa ciyawa ta yi kore shar. Inuwar farantan ta hana rana ƙone ta, kuma duk lokacin da ma'aikata suka wanke gilasan, ruwan a gindinta yake zuba. Kullum idan zai wuce, awakin sukan tsaya su zura kai cikin ramukan wayar, sai ya bi su ɗaya-ɗaya yana zaro su. Ya san idan aka ci gaba a haka garken ba zai kai damina ba.

Maigadin wurin, wanda suke gaisawa safe da yamma, shi ya tsegunta masa cewa ciyawar nan ta zame wa kamfanin ciwon kai. Idan ta bushe tana iya kama wuta. Injin yankan ciyawa kuma yana harba tsakuwa yana fasa gilashi. Don haka Injiniya, matar da ke kula da wurin, tana neman makiyayin da zai riƙa shigowa da dabbobinsa suna cinye ta.

Mai Awaki ya same ta a ofishinta, wani akwatin ƙarfe da aka yanka wa taga. Mace ce matashiya, sa'ar 'yarsa, da hular kwano a gefen tebur. Ta ba shi kujera, ya ce ya fi son tsayuwa.

"Baba, tumaki muke nema," ta ce. "Shanu sun yi girma, za su ture ƙarafan. Awaki kuma ba a sa su a irin wannan wuri. Suna tauna waya, ba sa jin magana."

"Awakin wa?"

"Awaki dai."

"'Yata, fito ki gani."

Garken yana bakin ƙofa, sun bazu suna neman abin tsinta. Ya yi fito ɗaya. Duk suka tsaya kamar an dasa su, har da wani ɗan akuya da ya ɗaga ƙafa zai yi tsalle. Injiniya ta daɗe tana kallonsu. Ta riga ta nemi masu tumaki a yankin ba ta samu ba, domin yawancinsu sun sayar ko sun yi ƙaura. Ta ce ta yarda a gwada, safiya ɗaya, a layukan da ke kusurwar gabas.

Ya yi shiri sosai. Tun da ta ambaci waya, a kan waya ya sa hankalinsa. Ya san akuya takan tauna abin da ba abinci ba idan jikinta yana neman gishiri, don haka kwanakin da suka rage ya yi ta ba su gishiri suna lasa. Ya samo guntun tsohuwar waya ya shafa mata ɗaci ya rataya a turke, duk wadda ta taɓa sai ta yi ta kaɗa kai. Kafin ranar gwajin ba akuyar da ke ko kallon waya.

Ranar da aka sa, Maigadi ya buɗe ƙofa, Injiniya tana tsaye da ma'aikata biyu. Ciyaman ce ta fara shiga. Ciyawa har gwiwa, amma ba ta ko sunkuyar da kai ba. Ta tsaya ta dubi abin da ke gabanta: shimfiɗaɗɗen abu mai ƙyalli a kan ƙafafu, tsayinsa iya ƙugun mutum, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. Ta yi tsalle ta haye. Sauran suka bi ta. Ma'aikatan sun ce ƙarar kofato a kan gilashi kamar ana ruwan ƙanƙara.

Mai Awaki ya yi abin da ya saba, ya yi fito. Awakin suka tsaya cak a saman farantan, a jere, duk sun zuba masa ido.

Injiniya ta ce, "Baba, me suke jira?"

"Abinci."

"Ga abinci a ƙasa."

"Ba a nan suka saba ba."

"To sauko da su."

A nan ya gane ba shi da fiton saukowa. A gida bai taɓa bukatarsa ba, domin idan abinci ya ƙare da kansu suke dira. Sai da aka bi su ɗaya-ɗaya ana ɗaukowa, shi da Maigadi da ma'aikatan, wadda aka sauke ta zagaya ta sake hawa ta wani gefen. Rana ta take kafin a fitar da ta ƙarshe. Faranti biyu sun tsage, da yawa sun sha karce da kashin awaki.

Injiniya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce laifin har da nata, ita ta buɗe ƙofa. Ta ce maganar tumaki tana nan, idan ya kawo su wurin nasa ne, amma ba za ta iya jira har ciyawar ta bushe ba. Idan lokacin ya yi bai zo ba, kamfani zai sa a yi feshin maganin kashe ciyawa, daga nan kuma ba kiwo.

Labarin ya riga shi isa gida. Matarsa tana tankaɗe a rumfa, ba ta ɗago ba ta ce, "An ce masu bene sun samu sabon gida."

Ya jingine sandarsa a jikin bango. Ta ci gaba da magana.

"Ni na ce maka ka tambaye ta ko wurin yana da abin hawa?"

"Ba ki ce ba."

"Ban ce ba, don ban zaci mai shekara arba'in da awaki yana bukatar a gaya masa ba."

Ya yi ƙoƙarin sake musu tarbiyya. Ya daina zuba abinci a kan kwano, ya koma zubawa a ƙasa. Da farko suka ƙi ci, suka hau sama suna kuka. Da yunwa ta yi yunwa suka sauko suka ci, suna gamawa suka koma sama suka kwanta. Ya je ya gaya wa Injiniya cewa an fara samun ci gaba, ko za a sake gwadawa. Ta ce, "Baba, ko makaranta ka kai su ba zan sake ba."

Abin da ya rage shi ne ya musanya awakin da tumaki, domin ba shi da halin riƙe garke biyu, kuma mutum ɗaya ba ya kiwo a cikin shinge da wajensa lokaci guda. 'Ya'yansa maza duk suna birni. Shi kuma bai taɓa ɓoye ra'ayinsa a kan tunkiya ba. Yakan ce dabba ce da idan ta faɗa rami sai ta kwanta ta jira ka, kuma duk fuskarsu ɗaya, ba ka sanin wadda ka yi wa magana jiya.

A wannan tsakanin aka kira taron jama'a a zauren makarantar unguwa, saboda kamfanin yana neman ƙarin fili. Ya je ya zauna a benci na baya. Masu adawa suka tashi suka ce ga dattijo nan an raba shi da makiyayar kakanninsa don a haska gidajen masu kuɗi a birni. Masu goyon baya suka ce fari ne ya kashe makiyayar tun kafin a kafa shinge, kuma kore ɗaya da ya rage a yankin yana ƙarƙashin farantan nan. Wani mai magana da ya zo daga nesa ya ce an kashe wa bawan Allah shanu. Kowane ɓangare ya nuna shi da hannu, ba wanda ya miƙa masa abin magana. Da aka tashi, Direba ya ce masa kada ya kuskura ya sayar da ko ɗan akuya, a yi ta matsa musu har su buɗe wani gefen filin. Tela ta ce kafin a gama matsawar ba sauran akuyar da za ta shiga.

Matarsa ce ta fi kowa taƙaita magana. Ita take tatsar awakin, ta san abin da ke fita. Ta nuna masa ƙasan kwarya ta ce, "Mai Awaki, dubi nan. Kai kake son su. Su ciyawa suke so."

Bayan 'yan kwanaki, suna dawowa daga rafi, wata akuya ta durƙushe a gefen shingen ta kasa tashi. 'Yar Ciyaman ce, wadda yake sa ran za ta gaji uwarta. Ya saɓa ta a kafaɗa ya kawo ta gida, yana tafiya yana hutawa. Ba ta kai washegari ba. Da ya gama binne ta ya aika a kira masa Direba.

Akwai wani makiyayi a kan duwatsu, tafiyar rabin yini a mota, wanda ke da tumaki da yawa amma ƙasarsu ta fi dacewa da awaki, duk ƙaya ce da ƙananan itatuwa. Sun san juna a kasuwar dabbobi. Suka daidaita a kan musanya kashi-kashi. Mai Awaki ya kafa sharaɗi biyu: kada a raba uwa da 'ya'yanta, kuma a riƙa ba su abinci a sama. Mutumin duwatsu ya yi dariya ya ce a wurinsu ƙasa ce ke wuyar samu.

Direba ne ya ari motar ɗaukar kaya ya yi jigilar, yana yi yana mita. Ya ce shi bai taɓa ganin inda aka ƙwace wa mutum fili, sannan ɗan'uwansa ya yi dakon kayan miƙa wuya ba. Duk da haka bai fasa zuwa ko sau ɗaya ba, kuma shi ya shimfiɗa buhuna a bayan motar don kada awakin su zame.

Yanzu Mai Awaki yana shiga gonar gilashi kowace safiya da tumaki. Suna sunkuyar da kai tun daga bakin ƙofa, ba sa ɗagowa sai rana ta yi zafi, sannan su kwanta a inuwar farantan. Ba su taɓa waya ba, ba su hau komai ba. Injiniya ta ce aikin yana kyau. Shi ya ce ba aiki ba ne, zama ne. Har yanzu bai iya bambanta su ba, sai da matarsa ta ɗaura wa kowace ƙyalle mai launi daban a wuya, daga ragowar yadin shagon Tela. Sun fara yin ƙiba.

Sauran abubuwa ba su sauya sosai ba. Shagon Tela yana samun wuta da rana fiye da da, ko da yake ba kamar yadda aka yi alkawari ba, kuma janaretan yana nan a bakin ƙofa. Direba yana ci gaba da jigilar mai. Maganar ƙarin filin tana gaban hukuma. Manyan wayoyin da ke ɗauke wutar zuwa birni ta saman gidan Mai Awaki suka bi, gidan kuma ba a jona shi ba tukuna.

Ciyaman ba ta cikin cinikin. Ta tsufa, ba mai ba da ko ɗan rago a kanta, kuma ya yi niyyar barin ta a gida ta ƙarasa kwanakinta. Amma da kashi na biyu ya tafi, mutumin duwatsu ya aiko cewa awakin sun ƙi sakewa. Ba sa bin jagorar garkensa, suna watsewa a kan duwatsu, har ɗaya ta kwana a waje. A gida kuma Ciyaman ta rage ci, tana tsayawa tana kallon ƙofa. Matarsa ta ce ko dai ya kai ta, ko ya zauna su yi ta kallon juna su biyu.

Ranar Talatar da ta wuce aka ɗauki kashi na ƙarshe. Ya sa Ciyaman a gaban mota, tsakaninsa da Direba, wanda ya ce bai taɓa ɗaukar fasinja mai wari irin wannan ba, har da yayansa a lissafi. Da suka isa ya sauke ta da kansa. Ta tsaya ta shinshina iska, ta taka a hankali ta hau wani faffaɗan dutse. Awakin da suka riga ta zuwa suka fara gangarowa daga inda suka bazu. Mutumin duwatsu ya tambaya me zai bayar a kanta, Mai Awaki ya ce ba ta sayarwa ba ce, ya dai riƙa jiƙa mata dusa saboda haƙoranta.

A hanyar dawowa Direba ya ɗauko maganar batura, da yadda ya ji ana cewa ba sa daɗewa, da inda za a zubar da su idan sun mutu. Da suka kusa unguwa Mai Awaki ya ce kada a kai shi gida, a sauke shi a ƙofar shinge, domin tun safe ya bar wa Maigadi tumakin kuma lokacin ba su ruwa ya wuce. Direba ya tsaya. Mai Awaki ya sauka, ya ɗauki sandarsa a bayan mota, ya ƙwanƙwasa ƙofar.